Zuwa ga Ummi, kan sakamakon da ya hana ki barci

Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Jos lafiya lau, sai sanyin da kika sani.

Tun daren da kika bugo muryarki na rawa ban sami sukuni ba. Kin ce kin tofa yawu a 'yar kwalba kin aika wa wani kamfani na intanet, sakamako ya dawo cewa kina ɗauke da APOE4 guda ɗaya, wato wata ƙwayar halitta ta gado mai alaƙa da ciwon mantuwa, yanzu ko makulli kika manta sai gabanki ya faɗi. Na san Hajiya kike tunawa. Ni ma ban manta yadda take idar da sallah ta sake tayarwa ba, da ranar da ta dube ni, ni ɗanta na fari, ta ce, "Kai ɗan gidan wa ne?" Sai da na fita zaure na yi kuka.

Shi ya sa na je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, na zauna da likitan ƙwaƙwalwa. Ummi, wannan gwajin ba irin na jinotaif da aka yi muku kafin aure ba ne, wanda in an ce SS magana ta ƙare. APOE4 yiwuwar ciwon mantuwa na Alzheimer kawai take ƙarawa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ita, da yawansu suna tsufa da hankalinsu garau, wasu kuma ba su da ita ciwon ya same su. Yawancin alƙaluman da kamfanonin nan ke dogaro da su daga jikin Turawa aka samo. Binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanapolis a Amurka, ya nuna tasirinta bai kai haka ƙarfi a Ibadan ba.

Ki daina bincike a waya da tsakar dare. Ki kai takardar wa likita nan Abuja, ki sa a auna miki hawan jini da suga, don su ma suna taɓa ƙwaƙwalwa, kuma su ana iya magance su. Ki riƙa tattaki, ki koma kan haddarki. Yara kuwa kada ki yi musu gwajin nan, ki bari su girma su zaɓa da kansu. Ki kuma rubuta wa kamfanin ya goge bayananki.

In kun tashi zuwa hutu ki taho da takardar, mu karanta tare. Mamanki ta ba direba buhun dankali, zai iso Jabi ranar Asabar.

Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan Hajiya.

Mahaifinki