'Yan shekara sha uku zuwa sha tara: a ikilisiya wa ke riƙe da su?

Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana Kirista, musamman fastoci da dattawan ikilisiya da iyaye, a kan yaranmu da suka wuce makarantar Lahadi amma ba su kai a kira su manya ba.

Abin da nake gani shi ne waɗannan yaran sun faɗa rami tsakanin wuri biyu. A makarantar Lahadi sun yi girma, yaro ɗan sha biyar ba zai zauna yana tafi da 'yan shekara shida ba, kunya ma ba za ta bar shi ba. A zumuntar matasa kuma, to ai kowa ya san su waye “matasan”, mutum ne mai shekara talatin da biyar da mata da 'ya'ya uku shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne ma'aji, kuma maganarsu duk ta aure ce da neman aiki. Sai yaron ya shigo ya zauna can baya yana danna waya, a tashi ya tafi, wata rana kawai a nemi shi a rasa, sannan a fara cewa yaran zamani ba sa son Allah. Haba.

In ma an tuna da su, aikin me ake ba su? Jera kujeru, share majami'a, ɗauko janareta, in yaro ya yi sa'a a ba shi ganga ko jita. Ba na rena waɗannan ayyuka, Yesu da kansa ya wanke ƙafafun almajiransa, wanda bai iya hidima ba bai iya shugabanci ba. Amma in shekara shida yaro na ɗaukar benci ba a taɓa ce masa zo ka buɗe mana da addu'a ba, ba a taɓa tambayar sa me ka fahimta a wannan ayar ba, to ranar da ya kai ashirin da biyar aka zaɓe shi shugaba daga ina ake so ya samo abin da zai yi shugabancin da shi?

Da ka ɗaga maganar sai wani dattijo ya jefo maka abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai babban da ya hango ai aikinsa ya nuna wa yaron inda zai duba. Haka Eli ya yi wa Sama'ila a 1 Sama'ila sura 3, da ya gane Ubangiji ne ke kiran yaron bai ce matsa ni ne firist bari in saurara maka ba, koya masa ya yi yadda zai amsa ya ce koma ka kwanta. Saƙon da ya zo ma a kan gidan Elin ne, mai zafi, kuma tsohon ya zauna ya ji shi daga bakin yaro.

Amma akwai inda nake so in daɗe, domin wasu da suka yarda da ni sukan zarce su faɗa ɗaya kuskuren. Su a wurinsu horar da shugabanni shi ne a miƙa wa yaro makirfo. Yaro mai baki, mai murya, ya iya kwaikwayon masu wa'azin da yake gani a YouTube, jama'a na tafi ana cewa wannan fasto ne na gobe, alhali a ɗakinsa bai buɗe Littafi Mai Tsarki, bai san yadda ake cewa na yi laifi a gafarce ni ba, a gida uwarsa ba ta isa ta aike shi ba. Wannan yaron cutar sa muke yi.

A karanta 2 Tarihi sura 24 da sura 34 a jere a ga bambanci. Yowash ya hau sarauta yana da shekara 7, kuma an ce ya yi abin da ke daidai muddin Yehoyada firist na da rai. Da tsohon ya rasu sai fadawa suka zo suka yi masa daɗin baki, ya bi su, aka koma gumaka, har ya sa aka jejjefi Zakariya ɗan Yehoyadan a farfajiyar Haikali, ɗan mutumin da ya rene shi fa. Bangaskiyarsa ta aro ce, da mai abu ya tafi ta bi shi. Yosiya kuma ya hau yana da shekara 8, a shekara ta takwas ta sarautarsa, wato yana ɗan 16, ya fara neman Allah da kansa, sai yana 20 ya fara rushe wuraren tsafi, yana 26 aka shiga gyaran Haikali har aka tsinci littafin Shari'a. Shekara huɗu ke nan yana neman Allah kafin a ga wani babban aiki a fili. Mu yanzu so muke yaro ya tuba ranar Juma'a a taron farkawa, ranar Lahadi ya hau bagadi.

To ya za a yi? Ni abin da na gani yana aiki ba wani babban shiri ba ne mai cin kuɗi. A ba yaro aiki na gaske wanda in bai yi ba, za a ji a jiki, sannan a sa babba ɗaya kusa da shi wanda ba zai ƙwace aikin ba. Misali yarinya 'yar sha biyar an ce ita za ta bi da nazarin Littafi Mai Tsarki na rukuninsu. Kwana biyu kafin ranar malamarta ta zauna da ita, su karanta wurin tare, malamar ta yi shiru ta bar ta ta faɗi abin da ta gani, ta taimaka mata ta fito da tambayoyi uku kawai a rubuce a takarda. Ranar nazarin muryarta na rawa, takardar na rawa a hannunta, ta yi tambaya ta farko kowa ya yi tsit, a nan ne fa babba ke jin kamar ya karɓe, to kada ya karɓa, ya ƙirga goma a zuciyarsa, wani yaro zai yi magana. In ta faɗi abin da ba daidai ba a bari sai an tashi a ja ta gefe. Gyara a gaban ƙawayenta shi ke sa ba za ta ƙara yarda ba har abada.

Haka kuɗin baikonsu. A bar su su ƙirga, mutum biyu tare, su rubuta a littafi, su sa hannu, ƙarshen wata su tashi su karanta wa 'yan'uwansu abin da ya shigo da abin da ya fita. Yaron da ya saba da haka tun yana sha shida, in ya zama ma'ajin ikilisiya ko na ma'aikata ba zai ga tambayar rasit a matsayin cin mutunci ba.

Wannan matsalar ma ba yau ta fara ba. William Alexander Smith malamin makarantar Lahadi ne a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, manyan yaran ajinsa sun gagare shi, sun gaji da zama, shi ne a 1883 ya kafa ƙungiyar yara maza ta Boys' Brigade, ya haɗa nazarin Littafi Mai Tsarki da fareti da horo, ya riƙa ba yaran muƙamai suna kula da na ƙasa da su. Yau a wurare da yawa faretin da kakin ne suka rage, ajin Littafi Mai Tsarkin ya zama na cika lokaci, a duba wannan ma.

Kuma za su yi kuskure, wannan dole ne. Wani zai manta ranar da aka ba shi, wani zai yi fushi ya daina zuwa, wata za ta faɗa abin kunya. Yahaya Markus ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya, har Bulus ya ƙi a sake tafiya da shi suka rabu da Barnaba a kan maganar, Barnaba ya ɗauke shi suka nufi Kubrus. Daga baya Bulus ɗin nan ne ya rubuta wa Timoti a 2 Timoti 4:11 ya ce ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi. Mu mun iya dakatarwa da sanarwa a gaban jama'a, wanda zai bi yaron gida bayan sanarwar ne babu.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba, wanda za a ba yaran nan a duba shi da kyau. Ba duk mai himma ne ya dace ba. Kada namiji babba ya keɓe da yarinya a ɗaki ko a mota da sunan shawara, kada a yi ta hira da ita a WhatsApp tsakar dare da sunan addu'a, a kowane taro ko zango a samu manya aƙalla biyu, mace da namiji, iyaye kuma su san inda ake da lokacin tashi. Wanda ya ji haushin wannan doka shi ne ma ya kamata a fi sa wa ido.

Iyaye kuma, awa biyu a mako a ikilisiya ba za ta gyara abin da gida ya bari ba. Bulus ya ce bangaskiyar Timoti ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Kuma dan Allah a daina hana yaro zuwa zumunta a matsayin horo in ya yi laifi, a nemi wani horon.

Roƙona ga majalisar dattawan kowace ikilisiya, a zaman da za ku yi na gaba ku sa a kawo muku sunayen duk 'yan sha uku zuwa sha tara da ke cikinku, a rubuta gefen kowane suna wane babba ne ke bibiyar sa da wane aiki aka ba shi. Sunan da aka ga gefensa ba komai, a fara da shi.

Na gode Malam Edita.

Naku,
Wani malamin matasa a ikilisiya