Hawan jinin da garkuwar jiki ke kunnawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin ma'aikatan lafiya da magidanta kan wani ɓangare na hawan jini da ba a cika zancensa ba. Da zarar an ambaci cutar sai a ce gishiri, ƙiba, tunani ko gado, kuma gaskiya su ne kan gaba. Amma akwai waɗanda garkuwar jikinsu ce ke taimakawa wajen hawan, kuma abin ya fi ban tsoro ga masu juna biyu.

A bangon jijiyoyin jini akwai wani ɗan makunni mai suna AT1. Sinadarin anjiyotensin II, wanda jiki ke yi da kansa, shi ne ke danna shi: jijiya ta tsuke, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Sinadarin bai kai minti guda ba jiki ke rushe shi. To wani lokaci garkuwar jiki kan yi kuskure ta ƙera antibodi, wato makamin da take yaƙar ƙwayoyin cuta da shi, mai kama wannan makunni ya danna shi, alhali irin wannan antibodi kan yi makonni yana yawo a jini. Yatsa ne da ya danna ya ƙi ɗagawa.

A 1999 Gerd Wallukat da abokan aikinsa a Jamus suka gano shi a jinin mata masu hawan jinin ciki, wato wanda ke tasowa bayan mako 20 tare da furotin a fitsari, yake kai wa ga jijjiga. A 2008 masana a Houston ta Amurka suka ɗebo antibodin daga jinin irin waɗannan mata suka zuba wa ɓeraye masu ciki. Jininsu ya hau, furotin ya fito a fitsarinsu, 'ya'yan suka tsumbure. Da aka haɗa musu da maganin losartan, wanda ke toshe makunnin, alamomin suka lafa. Tun a 2005 ma an ga irin wannan antibodi a wasu da aka yi wa dashen ƙoda, jikinsu ya ƙi ta, jininsu ya yi mummunan hawa, aka yi musu tacen ruwan jini tare da losartan.

A nan ne nake so a yi hattara sosai. Abin da ya yi aiki a ɓera ba shi ne maganin mai ciki ba. Losartan da duk 'yan uwansa masu ƙarewa da "sartan" a jikin kwali, da masu ƙarewa da "pril" irin su lisinopril, suna lalata ƙodar jariri, su ƙafar da ruwan da yake kwance a ciki. Matar da ke shan su tun kafin ciki ta nemi likita ya sauya mata da zarar ta ga ɓatan wata, kada a saya mata a kyamis don kawai sun yi wa maigida aiki. Nata su ne Aldomet, nifedipine ko labetalol. Awon da ya kai 140/90 yana bukatar gwajin fitsari a ranar. Idan ya kai 160/110, ko ga ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin fuska da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to gado za a ba ta, a yi mata allurar magnesium sulphate mai hana jijjiga. Tushen ciwon yana mabiyiya ne, shi ya sa haihuwa ce ke warware shi, amma a ci gaba da awo har cikin jego, domin jijjiga na zuwa ko bayan an sauka.

Gwajin antibodin AT1 bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba, saboda haka kada wani ya karɓi kuɗinku da sunansa. Akwai dai danginsa da ake iya gwadawa. Budurwa ko matashiyar uwa mai hawan jini, ciwon gaɓoɓi, zubar gashi da fitsari mai kumfa, a duba ta da gwajin jini na ANA da anti-dsDNA, domin cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa, na cin ƙoda a ɓoye. Mai rama duk da yawan ci, bugun zuciya, rawar hannu da kumburin maƙoshi, a gwada TSH, wato awon aikin ƙullun maƙoshi (tayirod), wanda garkuwar jiki kan tunzura. Wadda ta sha yin ɓari, ko ta taɓa daskarewar jini a ƙafa, a nemi antibodin antifosfolifid mai sa jini daskarewa, a maimaita bayan mako 12 kafin a yanke hukunci. Irinta ake ɗorawa kan ƙaramin asfirin tun wajen mako 12 na ciki, wani lokaci da allurar hefarin mai hana jini daskarewa.

Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne kowace ƙaramar asibitin awon ciki ta samu ma'aunin jini mai aiki, da ɗamara babba don masu kaurin hannu, da takardar tsoma fitsari da ba ta yankewa. Wanda kuma ke shan magunguna uku, ciki har da mai sa fitsari, jininsa bai sauka ƙasa da 140/90 ba, a tura shi babban asibiti a binciki ƙodarsa da garkuwar jikinsa kafin a ƙara masa na huɗu.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya, Kano