A ba masu murzar ulu filin nuna aikinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata sana'ar hannu da ba kasafai ake jin labarinta ba, wato murzar ulu. Shekarata 11 ina yin ta. Ina kuma cikin wata 'yar ƙungiya ta mutum 14, yawancinmu mata, da muke haɗuwa sau ɗaya a wata mu yi aiki tare.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a watan jiya aka rufe karɓar aiki na wani baje koli da aka buɗe wa kowa da kowa, amma a cikinmu ko mutum ɗaya bai tura ba. Ba don babu aikin ba. Na san abin da ke naɗe cikin akwatin kowace ɗayanmu. Wasu ba su ji sanarwar ba sai da wa'adi ya wuce, wasu kuwa sun ji, suka ce ai wannan na manya ne. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Da yake wasu masu karatu za su tambaya, bari in faɗi abin da nake nufi. Murzajjen ulu tufa ce da babu kaɗi babu saƙa a cikinta. Wanda ya taɓa shafa jar dara irin ta Maroko ya san laushinsa da kaurinsa. Kowane silin gashin tunkiya yana da wasu ƙananan ɓawo a jikinsa, kamar na kifi, waɗanda ido ba ya gani. Idan gashin ya sha ruwan ɗumi da sabulu aka yi ta murza shi, sai kowane sili ya riƙa kutsawa cikin 'yan'uwansa, ɓawon kuma ya hana shi komowa. Da sun sarƙe, ba mai raba su. Ni nakan shimfiɗa tsefaffen ulu a kan asabari, sahu na farko a tsaye, na biyu a kwance, na uku a tsaye, har ya yi tudu kamar gajimare. In yayyafa ruwan sabulu, in danna da tafin hannu a hankali har tudun ya kwanta. Sannan in naɗe asabarin in ɗaure, in yi ta mirgina shi gaba da baya har kafaɗa ta gaji. Jifa-jifa nakan warware in tsunkuli saman da yatsa biyu. Idan gashi ya biyo yatsa, da saura. Idan tufar ce ta ɗago gaba ɗayanta, to ta kama. Kafin a gama, abin da aka shimfiɗa yakan tsuke da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. A 1949 masu tonon kayan tarihi, ƙarƙashin jagorancin Sergei Rudenko, suka buɗe wani kabari a Pazyryk cikin duwatsun Altai a Saibiriya, suka fito da wani labulen bango na murzajjen ulu mai tsawon kusan mita 6.5 da faɗin mita 4.5, ɗauke da hoton mahayin doki a gaban wata mace da ke zaune kan kujera. Ƙanƙara ce ta adana shi fiye da shekara 2,200, yau kuma yana gidan tarihi na Hermitage a ƙasar Rasha. Makiyayan Mongoliya har gobe da murzajjen ulu suke lulluɓe tantunansu, makiyayin Turkiyya kuma yana yafa nasa mai suna kepenek don ya kare kansa daga sanyi da ruwa.

Amma labarin da nake so 'yan'uwana su ji shi ne na Mary Burkett, wata 'yar Ingila da ta yi tafiya zuwa Iran a 1962, ta ga ana murzar ulu a can, abin ya shiga ranta. Daga baya ta zama shugabar gidan nune-nune na Abbot Hall a garin Kendal, kuma a 1979 ta haɗa baje koli na murzajjen ulu zalla, ta tara shimfiɗu da tufafi daga ƙasashe daban-daban. A lokacin masu sana'ar hannu da yawa a ƙasarta ba su san ana yin wannan abu da hannu ba. Suka zo suka gani da idonsu, suka koma gida suka fara gwadawa. Shekara 5 bayan nan, a 1984, aka kafa ƙungiyar masu murzar ulu ta duniya, International Feltmakers Association, wadda yau take da mambobi a ƙasashe da dama, tana fitar da mujallarta mai suna Felt Matters, tana kuma shirya wa mambobinta nune-nune. Duk wannan daga ɗaki ɗaya da aka rataya kaya a bango ya taso. Gani ya kori ji.

Akwai kuma ɗaya gefen. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar shimfiɗun Kirgistan guda biyu, shyrdak da ala-kiyiz, cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa. Shyrdak aiki ne mai hikima. Akan ɗora murzajjen ulu kala biyu ɗaya kan ɗaya, a yanka zane guda a jikinsu tare, sannan a musanya yankakkun, na ja ya shiga gurbin baƙi, na baƙi ya shiga gurbin ja, a ɗinke. Ko ƙyalle ɗaya ba ya tafiya a banza. To, irin wannan aikin ne ya kusa ɓacewa, saboda matasa sun daina koyo, dardumar roba mai arha ta cika kasuwa, ulu mai kyau kuma ya yi wuyar samu. Cikin abubuwan da suka taimaka wa matan da ke yin sa akwai samun inda za su nuna shi ga mutanen da ba su san shi ba, kamar kasuwar masu sana'ar gargajiya ta duniya da ake ci duk watan Yuli a Santa Fe ta Amurka tun daga 2004. Can ma sai an cike fom, an tura hotuna, alƙalai sun tace.

Ƙofofin suna nan, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai baje kolin da ƙungiya ke shirya wa mambobinta, inda akan ba da jigo guda kowa ya yi aiki a kai. Wannan shi ne ya fi dacewa da mai farawa. Akwai na tacewa, wanda ake tura hoto a jira hukunci. Akwai bita, da gayyatar koyarwa, da musayar ƙananan ayyuka tsakanin mambobin ƙasashe. Manyan gidajen tarihi ma sun buɗe ƙofa. A 2009, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don tunawa da zaruruwa na asali irin su ulu da auduga da siliki, gidan tarihi na Cooper-Hewitt a birnin Niyok ya yi baje koli mai suna Fashioning Felt, inda aka jera shimfiɗun makiyaya kusa da kujeru da riguna na zamani. Kuma ba wanda ya ce sai an tsaya kan tsohon salo. Salon nuno, na murza ulu kaɗan a jikin siliki mai shara-shara har ya zama gyale marar nauyi, Polly Stirling ce ta fito da shi a Ostareliya a shekarun 1990, yau kuwa da wuya ka shiga baje kolin sana'ar nan ba ka gan shi ba.

Na san tsoron da ke hana mutane turawa, don ni ma ya taɓa riƙe ni. Karon farko da na tura aiki, sharaɗin shi ne kada ya wuce santimita 40 ta kowane gefe. Na yi lissafina a kan cewa zai tsuke da kashi ɗaya cikin uku kamar yadda na saba, alhali ulun da na yi amfani da shi sabon iri ne a hannuna, ban taɓa gwada shi ba. Da ya bushe na auna, sai na ga 46. Na ce ba komai, za su duba kyan aikin. Hoton kuma da dare na ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki, shuɗin da na kwana uku ina haɗawa ya fito baƙi ƙirin. Amsar da ta zo layi biyu ce: sun gode, ba a zaɓi aikina ba. Babu dalili ko ɗaya. Na naɗe shi na ajiye, na yi shekara 3 ban ƙara turawa ko'ina ba.

Wata dattijuwa a ƙungiyarmu ce ta zaunar da ni. Ta ce, "'Yata, kawo takardar sharuɗɗan mu karanta tare." A nan na gane ƙila ma alƙalan ba su kai ga duba aikin ba, awon kaɗai ya isa ya fitar da ni. Ta koya mini in fara yin ɗan gwaji, murabba'i mai santimita 20, in murza shi har ƙarshe in auna, sannan in san girman da zan shimfiɗa. Ta koya mini ɗaukar hoto da safe, a inuwa, kan farin ƙyalle, ɗaya na aikin gaba ɗaya, ɗaya kuma daga kusa yadda za a ga saman tufar. Ta ce kada in kuskura in ƙulle aiki a leda yana da sauran laima, don fumfuna za ta kama shi a hanya, kuma in sa shi a firiza na mako guda kafin in aika, saboda asu, domin ƙwan asu a jikin aiki ɗaya yana iya lalata na mutum ashirin da ke rataye kusa da shi.

Karo na biyu aka karɓa. Ban sayar da komai ba a wannan baje kolin, amma ba zan manta ranar buɗewa ba. Na tsaya daga gefe ina kallon wata yarinya 'yar kimanin shekara takwas, ta kai hannu za ta taɓa aikina, ta janye, ta sake kaiwa. Uwarta ta tambaye ni da wace allura na ɗinka, na ce babu ɗinki ko ɗaya, ta ƙi yarda sai da na juya mata bayansa. A wannan rana kuma wata mai baje kaya kusa da ni ta nuna mini yadda take lanƙwasa gefen ulu tun yana jiƙe don bakin ya fito a miƙe ba sai an yanka ba. Shekara da shekaru ina fama da wannan matsala ni kaɗai, ta warware mini ita a tsaye.

Shi ya sa nake cewa 'yan'uwana masu wannan sana'a su tura. Da rashin tayi akan bar arha. Ƙin karɓa yana da ciwo, ba zan ɓoye ba, amma sau da yawa ba hukunci ba ne a kan hannunki, ƙila awo ne, ƙila hoto ne, ƙila kuma bangon ne ya cika.

Ina da koke kuma ga masu shirya nune-nune. Ku riƙa sanarwa da wuri. Aikin nan ba ya son gaggawa, babban labule ɗaya yana iya cin wata biyu, sanarwar mako uku kuwa ta waɗanda suka riga suka san da zancen ce kawai. Idan kun ƙi aiki, ku rubuta dalili ko da jimla ɗaya ce, domin jimlar nan ita ce za ta dawo da mutum baɗi. Ku ware wa masu farawa gurbi, kada ku haɗa mai shekara biyu da mai shekara talatin a ma'auni ɗaya. Ku faɗi tun farko wa zai ɗauki nauyin aikawa da dawowa, da kuma kason da za ku cira idan an sayar. Ku ajiye ɗan guntu a kan tebur wanda aka yarda kowa ya taɓa, don murzajjen ulu da hannu ake gane shi. Abin da ya fi damuna kuma shi ne sunan mai aiki. Na sha ganin shimfiɗa mai ban mamaki an rubuta sunan ƙasa da na dillali a ƙarƙashinta, ita kuwa matar da ta durƙusa ta murza ba a ambace ta ba. Wannan ba daidai ba ne, kuma gyara shi bai fi rubuta layi ɗaya ba.

Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka ƙarami ne. Ka ware mana ɗan gurbi sau ɗaya a wata inda za a riƙa buga sanarwar nune-nune da bita na masu sana'ar hannu: mene ne jigon, wane girma ake so, yaushe za a rufe, wa aka yarda ya shiga. Da yawa daga cikin ƙwararrunmu dattawa ne da ba su saba neman irin wannan labari a intanet ba, amma suna karanta jarida ko a karanta musu. Idan kuma an buɗe baje koli, ka tura wakilinka ya yi magana da masu aikin kansu, ba shugabannin taro kaɗai ba.

Mu a namu ɓangaren mun riga mun tsayar da shawara. A haɗuwarmu ta gaba kowa zai zo da aiki ɗaya da ya kammala, da awonsa a rubuce. Ni na ɗauki nauyin hotuna, wata kuma za ta riƙe littafin da za mu riƙa rubuta ranakun rufewa. Dattijuwar nan da na ambata ta ce za ta fito da wata shimfiɗa da ta yi shekara 9 a naɗe, wadda ko mu ba mu taɓa gani ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Wata mai murzar ulu