Horon masana'anta ba hutu ba ne ga ɗalibin fasahar lantarki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta abin da jaridarku ta wallafa a kan kwasa-kwasan da matasa za su iya zaɓa a jami'a, kuma na ji daɗin ganin fasahar injiniyan lantarki a ciki. Sai dai horon sanin makamar aiki a layi ɗaya tak kuka ambace shi, alhali shi ne ƙashin bayan kwas ɗin. Na daɗe ina karɓar irin waɗannan ɗalibai a wurin aikina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko, iyaye su san cewa wannan kwas ba injiniyanci ba ne da aka rage wa nauyi. Injiniya ya fi zurfafa a lissafi da tsara sabon abu, shi kuwa masanin fasaha shi ke harhaɗawa, ya gwada, ya gano inda matsala take, ya sa abu ya yi aiki. Duniya ma ta raba su: yarjejeniyar Washington ta 1989 kan amincewa da karatu tsakanin ƙasashe ta shafi digirin injiniyoyi, ta Sydney ta 2001 kuma ta masana fasahar injiniya ce.

Karatun aji ba wasa ba ne. Ɗalibi zai fara da dokar Ohm da dokokin Kirchhoff, ya shiga wuta mai layi uku, taransifoma, janareta da injinan juyawa, sannan na'urorin lataroni da PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba injinan masana'anta umarni. Duk wannan dole ne, ba na raina shi. Wanda bai fahimci cewa asarar wuta a waya tana bin kwararar wutar sau kanta ba, ba zai gane dalilin da ya sa ake ɗaga ƙarfinta kafin a tura ta nesa ba: ka ɗaga ƙarfi sau 10, kwarara ta ragu sau 10, asara ta ragu sau 100.

To amma gani ya kori ji. Kowane ɗalibi zai rubuta maka a jarrabawa cewa babban injin juyawa, idan aka tayar da shi kai tsaye, yana jan wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da ya saba ja, kuma haɗin star-delta, wata hanyar haɗa wayoyin injin lokacin tayar da shi, yana rage wannan zuwa kashi ɗaya cikin uku. Buɗe masa akwatin wayoyin, ka ce ya nuna maka wayoyi shida na injin da inda kowace za ta shiga, sai ka ga gumi. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, hannunsa ne bai taɓa zuwa wurin ba. Haka batun kare rai. Na'urar da ke katse wuta idan ta zurare a kan miliamfiya 30, wato ƙaramin ma'aunin kwararar wuta, ake saita ta domin ceton mutum, wannan yana littafi. Amma ka kashe wuta, ka sa kwaɗonka a makunni, ka riƙe mabuɗin a aljihu, ka gwada mitarka a inda ka tabbata akwai wuta kafin ka yarda da ita, ka sake gwadawa bayan ka auna, wannan sai a gefen wanda ya saba yake shiga jiki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu jami'o'i ke miƙa wa ɗalibi takarda su ce je ka nemo wuri. Mai hanya ya samu masana'anta, marar hanya ya ƙare a ofis yana ɗaukar fayil. Malamin da zai duba shi ya leƙo sau ɗaya, ko ma kada ya zo, a ƙarshe a cike littafin rahoto a dare guda, a buga hatimi. Mu ma masu karɓarsu muna da namu laifin, don wasunmu ɗan aike suke gani, ba ɗalibi ba.

Ba haka aka faro abin ba. A 1906 Herman Schneider ya ɓullo da tsarin a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, inda ɗaliban injiniya ke yin mako guda a aji, mako guda a masana'anta. Jami'ar Waterloo ta Kanada, tun kafa ta a 1957, a kan wannan turba ta gina karatun injiniyanta: wata huɗu-huɗu ake fita aiki, ɗalibi kan tara kusan shekara biyu ta gogewa kafin ya karɓi digiri. Abin lura shi ne yakan fita ya dawo aji da tambayoyi, ya sake fita. Fita ɗaya tilo dab da kammalawa ba ta ba da wannan dama.

Don haka ina roƙon wakilanku, idan sun koma jami'o'i, su yi tambayoyi uku. Wa ke nemo wa ɗalibi wurin horo? Sau nawa malami ke zuwa ya gan shi da kayan aiki a hannu? Kuma shin an taɓa kayar da wani a horon saboda ya kasa gano matsala a na'ura, ko kuwa duk wanda ya kawo hatimi ya ci?

Na gode.

Naku,
Wani masanin fasahar lantarki