Wasiƙa zuwa Bafalo, Amurka

Tudun Wada, Zariya

Aminina Bala,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya kuma sanyi? Hoton da ka turo ya iso: dusar ƙanƙara ta binne motarka, madubi ɗaya kaɗai ke leƙe. Hajiya ta karɓi wayar ta daɗe tana dubawa, can ta ce, "Shi kuma me ya kai shi zama cikin firji?"

Abin ya ba ni dariya, don darasin da nake zana wa ɗalibai a allo shi kake kwasa da shebur. Laifin Tafkin Iri ne da ke maƙwabtaka da ku. Iska mai tsananin sanyi takan gangaro daga Kanada ta tarar ruwan tafkin bai daskare ba, da sauran ɗuminsa. Sai ta ɗebi tururi, ya tashi sama ya zama gajimare, tana taka tudu ta juye. In ta kaɗo daga kudu maso yamma, tsawon tafkin gaba ɗaya take bi, kilomita sama da 350 tana lodi, Bafalo kuwa na zaune a daidai ƙarshensa. Shi ya sa unguwa ɗaya kan nutse, ta kusa da ita kuma rana tar. Da tafkin ya daskare abin zai lafa, sai ka ƙara haƙuri.

Mu ma tamu iskar da kaya ta zo. Ta ratso Sahara ta biyo ta kwarin Bodele na Chadi, babu abin ɗauka sai ƙura. Jiya daga Ƙofar Doka ba ka hango mota sai ta matso da fitila. Leɓe duk ya tsage, man kaɗanya ya yi tsada, masu shayi sai murna suke. Wankan asuba kuwa, kada ma ka tambaya.

Amma don Allah ban da ganganci. Ban manta Disambar 2022 ba, da guguwar dusar ƙanƙara ta ci rayuka sama da 40 a yankinku, wasu a cikin motocinsu. In ta ritsa da kai a hanya, ka share bakin salansa kafin ka bar inji a kunne, hayaƙin nan ba ya sallama.

Ka gaida Maman Ummi. Hajiya ta ce a tambaye ka, yajin da ta aika ya ƙare?

Naka,
Sani