Hasken rana kyauta ne, amma bashin gina tashar ba kyauta ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da jaridarku ta buga a kan zuba jari a tashoshin wutar lantarki masu aiki da hasken rana, kuma ina roƙon a ba ni fili in ƙara abin da nake ganin an taƙaita. Marubucin ya jingina hujjarsa da yalwar rana, alhali mai jari ya fi damuwa da kuɗin ruwan da zai biya da kuma amincin wanda zai sayi wutar.

Tashar gas kullum sai an saya mata makamashi, don haka kuɗinta a hankali yake fita. Ita kuwa tashar sola, kusan duk kuɗinta ana kashe shi ne tun kafin ta kunna ƙwan fitila ko ɗaya, sannan a shafe shekara 20 zuwa 25 ana mayar da shi kaɗan-kaɗan. Gaskiya ne kayan aikin sun yi araha, domin hukumar IRENA, mai kula da harkar makamashi mai sabuntuwa a duniya, ta ce farashin wutar manyan tashoshin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023. Sai dai allunan da aka girka da bashi mai tsada, wuta mai tsada za su bayar, komai ƙarfin rana. Shi ya sa Jamus, inda hadari ke rufe sama watanni, ta yi nisa a wannan fanni, domin bashi a can ba shi da tsada.

A 2016 Zambiya ta yi gwanjon gina tashoshi a ƙarƙashin wani shiri na Bankin Duniya, aka samu tayin kusan santi 6 na dalar Amurka a kan kowane kilowat na awa ɗaya, saboda an tanadi lamuni da takardun yarjejeniya tun kafin a buɗe gasar. A shekarar ce kuma Najeriya ta sa hannu da kamfanoni 14 a kan megawat 1,125 a farashin santi 11.5, amma ayyukan suka tsaya cik sakamakon taƙaddama a kan farashin da kuma garantin gwamnati. Masar kuwa ta ware fili a Benban kusa da Aswan, ta haɗa shi da babban layin wuta, ta ba da kwangilar shekara 25, kuma zuwa 2019 tashoshin sun fara aiki.

Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. Sifaniya ta yi alkawarin farashi mai tsoka, masu jari suka yi tururuwa a 2008, daga baya ta zaftare shi, abin da ya jawo mata ƙararraki masu yawa a kotunan sasanci na duniya.

Ban manta da ƙurar da ke rufe alluna ba, ko tsadar batir na ajiye wuta don dare, amma injiniyoyi suna iya lissafa waɗannan tun farko. Abin da ke da wuyar lissafi shi ne kamfanin da ya karɓi wuta ya kasa biya, ko faɗuwar darajar kuɗin ƙasa alhali da dala aka ci bashin.

Saboda haka ina roƙon wakilanku, duk lokacin da aka gayyace su bikin aza harsashin wata tasha, su tambayi wanda zai sayi wutar, da irin kuɗin da zai biya, da wanda ya tsaya masa idan ya gaza.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku