Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Cocin Methodist na Ghana a kan tarihin majami'un ƙauyukan bakin teku

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka, ina gaida jama'ar da kake jagoranta. Ni Bahaushe ne, Musulmi, haifaffen zango a ƙasar Fanti, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska da har zan rubuto wa shugaban coci a kan tarihin cocinsa. Da Hausa na rubuta saboda ina so 'yan'uwana na zanguna su karanta, don maganar ta shafe su. A Accra kuwa ba a rasa mai jin Hausa da zai karanta maka.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sarin bandar kifi take yi. Tana saye a wani ƙaramin ƙauyen masunta tsakanin Saltpond da Apam, ta kai kasuwar Mankessim. Mun yi shekaru a ƙauyen, kuma makaranta ɗaya ce tal a wurin, ta Methodist. A nan na koyi karatun boko da safe, da yamma in ɗauki allona in tafi wurin wani dattijo mahauci, wanda shi kaɗai ne malaminmu. Cocin na jikin makarantar, ƙaramin gini mai farar ƙasa, ƙararrawarsa rataye a jikin itace. Ranar Talata, da yake mutanen Fanti ba sa shiga teku, maza kan baje komarsu a gindin kwakwa suna gyara, tsofaffin mata kuma su taru suna rera waƙoƙin nan da suke kira ebibindwom, ɗaya na bayarwa saura na amshi. Har yau in na ji muryar teku da dare, wannan amshin nake tunawa.

Bara na koma ƙauyen ta'aziyyar wata tsohuwa da ta riƙe ni kamar ɗan cikinta lokacin da mahaifiyata ke tafiya kasuwa. Ta daɗe tana shugabar aji, wato ɗaya daga cikin ƙananan rukunonin da cocinku ke raba mabiya don su riƙa haɗuwa kowane mako. Ita ta san gidan da suka ba da filin da aka gina cocin. Ta san matan da suka yi dakon duwatsu a ka daga bakin ruwa, da shekarar da guguwa ta yaye rufin, da masuncin da ya sayar da kwalekwalensa aka sayi kwano. Duk wannan a ƙirjinta yake, kuma da shi aka binne ta. Bayan jana'iza wani jikanta ya buɗe mini akwatin ƙarfe da ake ajiye takardun cocin: rajistar baftisma, rajistar aure, littattafan aji masu sunayen mutane da kuɗin da kowa ya bayar. Gara ta cinye kusan rabi. Sauran kuma danshin gishiri ya manne su, in ka ja shafi sai ya biyo hannunka gutsure-gutsure. Ban ga laifin kowa ba. Mutumin da ke fafutukar man injin kwalekwalensa da kuɗin makarantar 'ya'yansa ba shi za a tuhuma da ajiyar takarda ba. Amma na fito daga ɗakin zuciyata a dagule, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Tarihin da aka koya mana a aji na sama ne, kuma ka fi ni saninsa. Joseph Dunwell, mai wa'azin Methodist na farko da aka aiko daga Ingila, ya sauka Cape Coast ranar 1 ga Janairu, 1835, bai cika wata shida ba zazzaɓi ya kashe shi. Waɗanda suka biyo shi, George Wrigley da Peter Harrop da matansu, duk sun rasu kafin ƙarshen 1837. Sai Thomas Birch Freeman, ɗan baƙar fata da Baturiya, ya iso a farkon 1838, ya daɗe, ya je Kumasi a 1839, ya je Badagry a 1842. Aka kafa makarantar Mfantsipim a 1876, cocin ya samu cin gashin kansa daga Ingila a 1961. Wannan duk gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne in an tsaya a nan, sai yaro ya ɗauka Turawa ne suka zo da abin a jirgi suka sauke, mutanen ƙasa suka karɓa kawai.

Alhali tun kafin Dunwell ya taso, akwai samarin Fanti da suka yi karatu a makarantar da ke cikin ganuwar Cape Coast, suna haɗuwa suna karanta Littafi Mai Tsarki da kansu. Ɗaya daga cikinsu, William de Graft, yana Dixcove, wani ƙaramin gari na bakin teku, ya roƙi wani matuƙin jirgi mai suna Potter ya taho musu da littattafai. Potter ne ya kai maganar Ingila, aka haɗo shi da mai wa'azi, wato Dunwell. Roƙon daga nan ya tashi. Da Dunwell ya rasu kuma, fiye da shekara guda babu Bature ko ɗaya a kansu, su suka riƙe taron bai watse ba. De Graft ɗin nan shi Freeman ya bari a Badagry ya ci gaba da aikin, saboda haka har Kiristan Najeriya akwai hannun Bafante a tushen cocinsu. Daga Cape Coast zuwa Anomabo da Winneba da ƙananan ƙauyukan da ke tsakani, galibi 'yan kasuwa da masunta da malaman makaranta ne suka kai saƙon, mai wa'azin mishan ya zo daga baya ya tarar da jama'a a tare. Sunayen waɗannan mutane suna cikin irin akwatin da na gani.

Bari in tsaya a kan ƙauye ɗaya, Asaafa, da ke bakin teku a ƙasar Ekumfi. Ba shi da nisa da Nananom Mpow, kurmin da mutanen Fanti suka yi imani a nan aka binne kakanninsu uku da suka jagoranto su daga Techiman, wato Oburumankoma da Odapagyan da Oson. A zamanin babu wurin tsafin da ya kai shi kwarjini a duk ƙasar Fanti. Sarakuna na aikawa neman shawara, masu rashin lafiya na zuwa neman magani, ba mai shiga ya taɓa ko reshe. Wasu 'yan tsirarun sababbin Kirista da ke zaune a Asaafa suka shiga kurmin suka sari itace. Edu, sarkin Mankessim, wanda tsaron wurin ke wuyansa, ya far musu, ya ƙone matsuguninsu, ya kama wasu ya tafi da su. Magana ta kai gaban shari'a a Cape Coast a 1851, lokacin da Brodie Cruickshank ke alƙalanci. Aka ci Edu tara, su ma Kiristan aka ɗora musu biyan diyyar keta alfarmar kurmin. Daga baya wasu daga cikin bokayen da kansu suka tona dabarun da ake yi wa masu zuwa neman taimako, aka yi wa waɗanda aka samu da laifi bulala a bainar jama'a, aka ɗaure su. Daga nan martabar kurmin ba ta ƙara komawa yadda take ba, jama'a suka yi ta shiga coci.

Wani ƙaramin ƙauyen masunta ke nan ya girgiza addinin ƙasa guda. Ni Musulmi ne, ba ni da abin da zan kare a tsafi. Duk da haka in za a rubuta wannan labari, ina roƙon a rubuta shi da fuskokinsa duka. Edu ba mahaukaci ba ne. Amana ce ta kakanni aka damƙa masa, ya ga ana keta ta. Kuma shari'ar ta zo ne shekara bakwai bayan yarjejeniyar 1844 da sarakunan Fanti suka sa wa hannu, lokacin da Turawan Ingila ke faɗaɗa ikon kotunsu a kan sarakuna, don haka sammacin da aka aika wa sarkin Mankessim ya wuce batun addini kawai. Zuriyar Kiristan Asaafa na nan, zuriyar masu tsaron kurmin ma na nan, kowane gida da yadda kakanninsa suka ba shi labari. Abin da muke da shi a rubuce yawanci daga alƙalamin Turawa ya fito. Wa ya zauna da tsofaffin gidajen nan ya ɗauki nasu?

Ga kuma inda mu muka shigo. Hausawa sun yi yawa a gaɓar nan ne tun zamanin sojojin da Turawa suka ɗauka don yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, da fataken goro da suka biyo baya. Wani ɗan cocin Methodist mai suna Benjamin Sam ya musulunta a hannun wani malami da ya zo daga ƙasar da ake kira Najeriya yanzu, shi da abokinsa Mahdi Appah suka tara jama'ar Musulmin Fanti a Ekrawfo, a wannan ƙasa ta Ekumfi. Da yake a coci Sam ya taso, sai suka buɗe makarantar boko ta Musulmi tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare, a lokacin da yawancin zanguna ke gudun boko. Jama'ar nan ce daga baya ta gayyato Ahmadiyya, mai wa'azinsu na farko ya sauka Saltpond a 1921. Ko me mutum zai ce game da wannan, ba zai iya ba da tarihin Musulunci a ƙasar Fanti ba sai ya bi ta ƙofar cocinku. A gida ɗaya za ka tarar da wa mai zuwa coci da ƙane mai zuwa masallaci, kakarsu ɗaya, sunanta na cikin littafin aji. In littafin ya lalace, asarar ta gidan duka ce.

Na san akwai inda muke saɓani. Batun azumin ɗalibai Musulmi a makarantun mishan da ya tashi a 2021 ya ɓata wa da yawa daga cikinmu rai, kuma ina da ra'ayina a kai. Ba shi ya kawo ni yau ba. Na ambace shi ne don kada a ɗauka daɗin baki nake yi.

Mu ma mun taɓa tsayawa a bakin irin wannan asara. Rubuce-rubucen malamanmu, har da waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, suna warwatse a gafakoki da akwatunan gidaje. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi malamai gida-gida, tana aron littafi, ta kwafa, ta mayar wa mai shi. Da ba a yi haka ba, da yawa cikinsu yau sai dai labari. Dabarar ke nan da nake roƙon ku ɗauka, kuma yanzu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, tunda wayar hannu ta isa ɗaukar hoton shafi. Kada a kwashe takardun a kai Accra. Mutanen ƙauye ba za su saki jiki ba, kuma suna da gaskiya, kayansu ne. A ɗauki hoto, a ajiye kwafi a hedikwatarku da ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Cape Coast, a ba ƙauyen akwati mai hana danshi da gara.

Muryoyin tsofaffi sun fi takardun gaggawa. Kuna da abin da babu wata hukuma a ƙasar nan da ke da shi: a kusan kowane ƙauyen gaɓa akwai mai wa'azi ko malamin makarantarku, wanda ya san wace tsohuwa ce ke riƙe da labari. Umarni ɗaya daga ofishinka zuwa ga bishop-bishop na yankunan gaɓa ya isa a fara. A naɗi hirar da harshen Fanti, yadda mai maganar ya faɗa, kafin a fassara. A naɗi ebibindwom ɗin kowane ƙauye, domin waƙoƙin ba a rubuce suke ba, kuma kowace mai bayarwa da nata salon. A kuma tambayi maƙwabta da ba 'yan coci ba, fadar sarki da limamin zango da tsofaffin gidajen gargajiya. Wasiƙu da rahotannin 'yan mishan na farko kuwa suna ajiye a Landan, a ɗakin karatu na makarantar SOAS. Ɗan Asaafa ba zai iya zuwa can ya karanta abin da aka rubuta game da kakansa ba. Cocinku na da bakin da zai nemi kwafinsu a kawo gida.

Sai teku. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa garin Keta, ya ga yadda ya share ƙauyen Fuveme, ya san gini a bakin gaɓa aro ne. A ƙauyen da na taso, wurin da muke buga ƙwallo tsakanin coci da ruwa ya ragu ƙwarai, masu ɗibar yashi kuma ba su daina ba. Ba kowane gini za a iya ceta ba, amma ana iya auna shi, a ɗauki hotonsa, a rubuta sunayen da ke kan kaburburan da ke harabarsa.

A 2035 cocinku zai cika shekara 200 a ƙasar nan. Na tabbata za a yi gagarumin biki a Cape Coast, za a ambaci Dunwell da Freeman, kuma sun cancanta. Tsofaffin da nake magana a kansu da yawansu ba za su kai wannan shekara ba. In aikin ya fara a Ekumfi, ni zan raka masu naɗar hirar zuwa zangunan Mankessim da Saltpond, in gabatar da su ga dattawanmu, in yi musu tafinta kyauta. Jikan tsohuwar nan kuma ya yi mini alkawari ba zai bari a taɓa akwatin ba har sai wani ya zo daga wajenku.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Naka,
Wani ɗan zango, tsohon ɗalibin makarantar Methodist